Wane maganin ƙwari zan fesa wa lambu wanda ba zai taɓa min awaki da kaji ba?

MaiLambu_Jega:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina da ɗan lambu a bayan gida, tumatir da kuɓewa da alayyahu, gefe guda kuma na sa wake saboda harawa. Yanzu darɓa ta lulluɓe waken, ganyen kuɓewa duk ya nannaɗe, ga kuma wata koriyar tsutsa tana huda tumatir. Matsalar ita ce darnin kara ne kawai tsakanin lambun da turken awaki, kajin uwargida kuwa ba ruwansu da wani darni kullum suna ciki suna tono. Na je kasuwa mai shago ya miƙo min wata kwalba ya ce murfi biyu a famfo ɗaya, kafin in kai ƙarshen kunya komai ya zube ƙasa. To ni wannan komai ɗin ne ya ba ni tsoro. Wane magani ne zai kashe ƙwarin ya bar min dabbobina?

Ɗan_Aliero:
Wa alaikumus salam. Malam kak ka wahal da kanka, mu nan albasa muka noma, kowace shekara muna feshi kuma ga tumakinmu nan ƙalau. Ɗaure bisashenka kwana biyu ka fesa abinka kurum.

UmmuSadiq:
Ɗan Aliero ai ba ɗaya ba ne. Kai gonarka tana fadama nesa da gida, shi kuwa a bayan ɗakinsa ne, kuma waken da zai fesa ɗin shi ne abincin awakin nan gaba. Ga alayyahu da ake yanka kusan kullum a kai tukunya.

MalaminGona_BK:
Mai lambu kafin kowa ya ba ka sunan magani, ɗauko kwalbar nan ka duba can ƙasan takardar da ke jikinta. Akwai wani layi mai launi da ya zagaye ta. Ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore wanda ya fi sauƙi. Tsarin hukumar lafiya ta duniya ne da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ado ba ne. Amma a kula, launin nan awon yadda gubar ke kama mutum da dabbobi masu shayarwa ne idan sun sha ko ta taɓa fata, bai ce komai ba game da kifi ko ƙudan zuma, akwai maganin da ba ya yi wa akuya wani mugun lahani amma ɗan kaɗan ya isa ya hallaka kifin kududdufi. Sannan ka bar kallon babban sunan da kamfani ya rubuta, ka nemi ƙaramin rubutun da ke faɗin sinadarin da ke ciki, shi za ka turo mana.

MaiLambu_Jega:
Na duba. Layin ruwan ɗorawa ne, ƙaramin rubutun kuma ya ce Cypermethrin da Dimethoate. Akwai wasu ƙananan hotuna ma a kan layin, har da kaza da saniya an ja musu layi.

LikitanDabbobi_Gusau:
To ai kwalbar ma ta ba ka amsa da kanta, hoton nan cewa yake yana cutar da dabbobi da kaji. Bari in ɗan rarrabe. Cypermethrin ba shi da tsanani sosai a kan kaji da awaki idan an bi ƙa'ida, ɓarnarsa tana kan kifi da ƙudan zuma. Dimethoate ne abin jin tsoro a gidanka, yana da zafi a kan tsuntsaye, kuma ba a saman ganye yake tsayawa ba, shiga yake cikin jikin shukar ya bi ruwanta, shi ya sa yake kashe darɓa da kyau, kuma shi ya sa wanke ganye ba ya fitar da shi duka. Ni a lambun da kaji ke shiga ga alayyahun da ake ci kullum ba zan ba ka shawararsa ba. Kuma ba ganye kaɗai kaza za ta ci ba, tsutsar da maganin ya kakkaɓo ita za su fara tsincewa.

InnaMaiZabi:
Wallahi likita ka hwaɗi gaskiya. Mu bara hakanan ta faru gare mu. Wani maƙwabci ya yi wa gonatai feshin fara da sahe, zabina sunka shiga sunka iske fara zube ƙasa tana shure-shure, sunka cika maƙoshi. Kahin la'asar na gan su suna tangaɗi, miyau na zuba ga baki, wasu sun baje fukafukai ƙarƙashin rumbu. Rabi ba su kai magariba ba. Bawan Allah nan bai yi da gangan ba, har gida yaz zo ba da haƙuri, amma mi haƙuri za ya yi ma mai jiran ƙwan zabi da damana.

UmmuSadiq:
Allah ya mayar da alheri Inna. Ina fatan dai ba a yanka an ci ba?

InnaMaiZabi:
Yara sun so, ni hana. Rami munka gina munka binne saboda karnuka.

Baba_Tsafe:
Ni dai dogon yaro nake amfani da shi shekara da shekaru a kan wake da kuɓewa, kuma ga awaki da kaji a gidan ba abin da ya taɓa samunsu. Amma ba ganyen ba, yawancin mutane ganye suke jiƙawa sai su ce bai yi ba, ƙarfin yana cikin ƙwallon. Yadda nake yi: in ya fara zubar da 'ya'ya sai in sa jikoki su tsinto waɗanda suka nuna suka yi ɗorawa, a murje naman a cikin ruwa, a shanya ƙwallon a inuwa ya bushe sosai, duk wanda ya yi fumfuna a zubar. Sai a ɗan sussuka a turmi ɓawon ya fashe a sheƙe, a daka ƙwayar ta ciki. Kamar rabin kilo na garin a lita 10 na ruwa, a jiƙa da yamma ya kwana. Washegari a tace da tsohon ɗankwali har sau biyu, don in ba ka tace da kyau ba bakin famfon zai yi ta toshewa kana tsayawa kana busawa. A ɗan narka sabulu a ciki don ya kama ganye. Feshin da yamma ake yi in rana ta yi sanyi, kuma a juya bakin famfon sama ya samu ƙarƙashin ganye don can darɓa take. Duk mako ake maimaitawa saboda rana tana kashe ƙarfinsa da wuri. Abu ɗaya kawai, kada ka kuskura ka yi amfani da turmin uwargida, in ba haka ba tuwon sati guda da ɗaci za ku ci shi kuma kai za ka amsa tambayoyi.

UmmuSadiq:
Hhhh Baba wannan gargaɗin na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci.

Ɗan_Aliero:
Baba da girmanka, amma ni na ga wanda yay yi wagga dabara, ya fesa mun tsaya muna kallo ko ƙwaro guda bai hwaɗo ba. Wa ad da lokacin daka da tacewa in yana da eka biyu ta albasa?

MalaminGona_BK:
Ɗan Aliero ba a tsayawa kallon dogon yaro. Sinadarin da ke cikinsa, azadirachtin, ba bugewa yake nan take ba, hana ƙwaro cin abinci yake ya kuma hana shi saɓa, to tsutsar da ba ta ci ba ta saɓa ba ba za ta girma ba. Sai bayan kwana uku ko huɗu za ka lura ɓarnar ta tsaya. Inda zan ba ka gaskiya shi ne in ƙwari sun riga sun ci ƙarfin gona, ko tsutsar nan da ake kira sharon ta shiga tumatir tana bin cikin ganye kamar yadda ta yi wa manoman Kaduna da Kano a 2016, dogon yaro kaɗai ba zai cece ka ba. Maganin farawa da wuri ne. Kuma ai mai tambaya bai ce eka biyu gare shi ba.

Sani_Koko:
Ku haɗa da ruwan taba. Ka jiƙa ganyen taba ko garin ta kwana ɗaya ka fesa, darɓa ba ta kwana. Wasu ma suna daka 'ya'yan bini da zugu ko majimfa. Duk na gargajiya ne ba kemikal, ba abin da zai yi wa dabba.

LikitanDabbobi_Gusau:
A'a Sani, nan kam ban yarda ba. Cewa abu daga daji ya fito ba ya nufin ba guba ba ne. Nikotin da ke cikin taba guba ce mai ƙarfi, ta fata ma tana shiga, ƙasashe da yawa sun daina yarda da ita a matsayin maganin ƙwari saboda haka. Ɗan akuya ya sha ragowar ruwan nan a bokiti ka shiga uku. Sannan taba tana iya ɗauko wa tumatir da barkono cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. 'Ya'yan bini da zugu da na zurma kuwa mu a wajen aiki cikin jerin abubuwan da ke kashe dabbobi muke karanta su, yara ma suna kamuwa in sun ci.

Basarke_Yauri:
Majimfa ai kakanninmu da ita suka kashe kihi ga tabki, ita za a ce ba ta da lahani? Kuma tunda an zo wurin ga bari in yi kukana. Don Allah masu noman rani bakin gulbi ku bar wanke famfon feshi cikin ruwa. Mutum ya ƙare feshi ya gangaro ya kurkure famfo ya juye, da sahe ka iske ƙananan kihi sun juya ciki sama, kuma ruwan nan shi shanu ka sha, shi mata ka ɗiba. An daɗe da hana maganin ƙwarin ga gamalin amma abin da anka bari yana shiga ruwa yanzu bai rage mashi komi ba.

MalaminGona_BK:
Basarke gaskiyarka. Su cypermethrin da lambda-cyhalothrin da deltamethrin duk dangi ɗaya ne kuma kifi ba ya jure su ko kaɗan. Ƙa'ida ita ce ka ɗebo ruwa ka yi nisa da gulbi ko rijiya, ka kurkure kwalbar sau uku kana juye ruwan cikin famfon ka fesa a gonar, sannan ka huda kwalbar don kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa ko nono. Shi kansa dogon yaro in ya yi yawa a ƙaramin ruwa yana taɓa kifi, masu kiwon tarwaɗa a gida su kiyaye.

MaiZuma_Zuru:
Kowa na maganar akuya da kaza ba mai tuna ƙudan zuma. Wake in ya yi fure ƙudan nan suna kai da hantsi, mutum sai ya zaɓi daidai lokacin ya yi feshi, ka je amya ka tarar da su tuli a bakin ƙofa. Ko wane iri za ku fesa ku bari sai dab da magariba sun koma.

HajiyaMaiAwo:
Ni tambayata ta ajiya ce tunda ga masana. Waken da muke saye mu ajiye, wasu suna yayyafa masa piya-piya wasu suna sa ƙwayar maganin nan da ake kira bom a buhu. Ƙowar da garin da ya zube kuma awaki muke ba. Shi ma akwai matsala?

MalaminGona_BK:
Hajiya babba ma. Piya-piya dichlorvos ne, ba a yi shi don a zuba a kan abincin da za a ci ba. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe. Bom kuwa hayaƙi yake fitarwa mai kisa, in buhun yana ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da akurkin kaji ana iya wayar gari da gawa. Ki nemi buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki buhu ɗaya a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Wake ya bushe sosai, ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban, ƙwarin sai su rasa iska su mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Ɓera ne kawai abokin gabarsa, in ya huda ledar aiki ya lalace, sai a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango.

Admin_Zaure:
Jama'a mun tafi rumbu mun bar bawan Allah tsaye a lambu. A dawo kan tsutsar tumatir ɗinsa.

Ɗalibar_Noma:
Game da tsutsar, akwai maganin da ake kira Bt, cikakken sunan Bacillus thuringiensis. Wata ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa, sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa sannan yake lalata mata hanji, ba ya aiki a cikin akuya ko kaza ko mutum, ko kaza ta tsinci tsutsar ba komai. Sharaɗinsa tsutsar ta kasance ƙarama kuma ba ta riga ta shige cikin tumatirin ba, kuma ba ya taɓa darɓa sam. Ba kowane shago ke da shi ba sai ka tambaya da sunan sinadarin. Kafin ka samu, lambun bayan gida ai hannu ma ya isa, ka fita da sassafe ka tsince su, duk tumatirin da aka huda ka cire kada ka bar shi a jiki. Darɓa kuma ruwan sabulu kaɗai yana rage ta in ya jiƙa ta sosai, amma ba sabulun gari na wanki ba don yana ƙona ganye, kuma ka fara gwadawa a gindi biyu uku ka ga yadda suka kwana. In ka ga ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a kan waken kada ka kashe shi, darɓa yake ci.

MaiLambu_Jega:
Ikon Allah, ai akwai su da yawa, yarana har wasa suke da su. Ashe ma'aikata ne.

Sani_Koko:
To in rage feshi ake so me ya sa ba wanda ya ambaci sabon irin waken nan na cibiyar binciken noma ta Samaru? SAMPEA 20-T, tun ƙarshen 2019 aka fitar da shi, maimakon feshi shida zuwa takwas sau biyu ya isa.

UmmuSadiq:
Wannan da aka canza wa halitta? Ni dai ban natsu da shi ba gaskiya.

Ɗalibar_Noma:
Anti wannan muhawara ce mai zaman kanta, a buɗe mata wani zaren. Abin da zan ce kawai shi ne tsutsar da ke huda fure da kwanson wake yake karewa, ba darɓa ba, don haka ba zai warware matsalar mai lambu ta yanzu ba.

Jauro_Gummi:
Ni makiyayi ne kuma ina noma, ta kowane ɓangare abin ya shafe ni. Abin da ya fi damunmu ba ma maganin ƙwari ba ne, maganin ciyawa ne, musamman mai ƙonewa nan take. Mutum zai fesa har gefen hanya da bakin burtali, ciyawar tana nan kore shar ba alamar komai, yaro ya biyo da shanu. Ba rigima nake nema ba, roƙo nake, in ka yi feshi ka kafa sanda ka ɗaura jan ƙyalle ko ka faɗa wa na kusa. Sannan masu sayar da harawa, wani zai yi feshin ƙarshe yau jibi ya tuge ya ɗaure ya kai kasuwa, mai kiwon ragon layya ya saya bai sani ba.

LikitanDabbobi_Gusau:
Jauro wanda kake nufi paraquat ne, ba shi da makari, huhu yake lalatawa, kuma haramcin da NAFDAC ta sa masa ya fara aiki daga Janairun 2024, duk wanda ya ga ana sayarwa ya sani ba bisa ƙa'ida ba ne. Maganar harawa kuma ita ce ta koma kan abin da UmmuSadiq ta faɗa tun farko. A takardar magani ana rubuta kwanakin da za a jira kafin girbi, wasu har da kwanakin da za a jira kafin a bar dabba ta ci. Kwana biyun Ɗan Aliero ba doka ba ce, kowane magani da nasa, wani mako guda wani biyu wani ya fi haka.

Tunda muna nan bari in faɗi alamomi. In dabba ta ci irin su dimethoate ko dichlorvos za ka ga miyau yana dalala, hawaye, zawo, jiki yana karkarwa, numfashi da ƙyar, ɗan baƙin ido ya tsuke. Kada a tsaya ɗura mata manja ko madara kamar yadda aka saba, mai yana iya taimaka wa gubar ta shiga jiki, kuma dabbar da ke haki in ka ɗura mata abu huhu yake tafiya. A janye ta daga wurin, in a jiki ya zuba a wanke ta da ruwa da sabulu, a nemi ma'aikacin dabbobi da gaggawa a tafi masa da kwalbar, akwai allurar atropine da ke ceto in an yi sauri. Masu mage kuma ku kiyayi duk abin da aka rubuta permethrin, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, abin da kare zai jure ita sai ta kama farfaɗiya.

InnaMaiZabi:
Allahu akbar, mu ko manja muka gudu nema.

Ɗan_Aliero:
Likita na ji, kwana biyun nan na janye shi. Amma har yanzu ina kan bakana, mai babbar gona ba ya iya barin maganin kanti, in ƙwarin albasa sunka taso ganye ya yi fari dogon yaro ba ya tsai da su. Sai dai a ce mutum shi karanta takarda shi bi awo.

MalaminGona_BK:
Ba wanda ya ce a bari gaba ɗaya. Awon ne ma ba a bi, takarda ta ce kaza mai shago ya ce ƙara murfi ɗaya don ya fi ci, wani ya haɗa iri uku a famfo guda.

MaiLambu_Jega:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Kwalbar dai zan mayar in ya yarda ya canza min. Gobe zan fara da tsincewa da ruwan sabulu a kan waken, dogon yaro kuma sai na samu ƙwallon don na ƙofar gidanmu bai fara zuba ba. Baba in ba a samu ƙwallo ba man dogon yaron da ake sayarwa a kwalba zai yi? Kuma shi ma sai na tsare kaji?

Baba_Tsafe:
Zai yi in na gaskiya ne ba gauraye ba, amma ba ya haɗuwa da ruwa sai ka fara kaɗa shi da sabulu, kuma kaɗan ake sawa, in ya yi yawa ko ka fesa cikin rana yana ƙona ganye. Kaji ka rufe su har ganyen ya bushe. Alayyahun da za a yanka cikin kwanakin nan ka tsallake shi don ɗacin yana kamawa.

Basarke_Yauri:
Ga ɓera kuma mi za a yi? Shina cinye man shinkahwa tun tana tsaye, na sa mai baƙin maganin nan cikin dussa sai kajin maƙwabta nika tsoro.

LikitanDabbobi_Gusau:
Baƙin garin nan zinc phosphide ne, kaza ta ci ba ta tashi. In dole sai ka sa, kada ka baza a fili, ka tura shi can tsakiyar guntun bututu ko gora mai ƙunci wanda kan kaza ba zai kai ba, da safe ka kwashe ragowar, matattun ɓerayen kuma ka binne su kafin mage ko kare su riga ka. Ka share ciyawar kan kunyoyin da suke ɓuya, ka haɗa da tarko.

HajiyaMaiAwo:
Malamin gona buhun nan mai riɓi uku ana iya sake amfani da shi baɗi ko sau ɗaya ne?

MalaminGona_BK:
Ana iyawa Hajiya muddin ledojin ba su huje ba. Ki hura musu iska ki riƙe bakin ki danna, in ta fita to ya tashi aiki, sai dai a zuba wani abin daban.